Babi na Shida: Masu Numfashi a Ƙasan Laka

A watan Satumba na 1973, wani mai kiwon shanun madara da ke kusa da garin Battle Creek a jihar Mishigan ta Amurka, mai suna Frederic Halbert, ya lura cewa shanunsa sun daina cin abinci. Garke ne mai kusan saniya 400. Cikin 'yan makonni madara ta ragu, shanun suka rame, gashinsu ya soma zuba, kofatan wasu suka yi ta tsawo suna lanƙwashewa. Likitan dabbobi ya duba ya sake dubawa, bai gano kan cutar ba. Halbert ya yi karatun injiniyan sinadarai kafin ya koma gonar gidansu, shi ya sa zarginsa ya tsaya a kan abincin da yake sayo wa shanun. Ya yi ta aika samfuri daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, har watan Afrilu na 1974 da aka kama bakin zaren.

Wani kamfanin sinadarai a garin St. Louis na jihar yana yin kaya iri biyu. Ɗaya shi ne NutriMaster, garin da ake ƙara wa abincin shanu. Ɗayan kuma FireMaster, garin da ake haɗawa da roba don kada ta kama wuta da sauri. Buhunan da ke da tambari sun ƙare, aka zuba kayan biyu a buhuna masu kama da juna, sai wasu buhunan FireMaster suka tafi injin haɗa abincin dabbobi. Kafin a farga, guba ta bi madara da nama da ƙwai ta shiga gidajen jama'a. An kashe shanu kimanin 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi, aka binne da yawansu a wani ƙaton rami a yankin Kalkaska. Da aka gwada kitsen jikin mutanen jihar a 1978, an sami sinadarin, wanda ake taƙaita sunansa da PBB, a jikin kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Jikin mutum kan ɗauki fiye da shekara goma kafin ya fitar da rabin abin da ya shige shi. 'Yan matan da aka haifa ga uwayen da suka fi kwasar gubar, kuma suka sha nononsu, sun fara al'ada da wuri fiye da sa'o'insu.

Tambayar da ta tsaya wa masana a rai tun lokacin ita ce ta wannan babi. Ganye ya faɗi ya ruɓe, mushe ya ruɓe, ko ɗanyen man fetur da ya malala akwai ƙananan halittun da ke cinye shi. To shi wannan fa, wa zai ruɓar da shi?

Sai mun fara sanin surar abin. Ƙwayar PBB zobba biyu ne na kabon, kowanne mai kusurwa shida, a manne da juna. Danginsa da ya gaje shi a kasuwa, PBDE, shi ma haka yake, sai dai akwai zarrar oksijin guda tsakanin zobban, kamar gada. A gefen zobban akwai gurbi goma, kuma kowane gurbi zai iya ɗaukar zarrar wani sinadari mai nauyi da ake kira buromin, ɗan gida ɗaya da kulorin na tsabtace ruwa da aidin na cikin gishiri. Gwargwadon yawan buromin da kuma gurbin da ya zauna, ana iya samun iri 209 daban-daban, kuma masana sun ba kowanne lamba. Wanda ya cike gurbi goma shi ne BDE-209, 'yan kasuwa suna ce masa deka. Mai biyar da aka fi sani shi ne BDE-99, mai huɗu kuma BDE-47. A riƙe waɗannan lambobi uku, za mu koma kansu.

Harshen wuta da muke gani, gudu ne na wasu gutsattsarin sinadarai masu zafin nama, kowanne ya bugi wani ya haifar da wasu, haka abin ke yaɗuwa. Idan zafi ya taɓa robar da aka haɗa da waɗannan sinadarai, buromin sai ya kwance ya shiga hayaƙin, ya cafke waɗannan gutsattsari, sarƙar ta tsinke, wutar ta yi sanyin gwiwa. Dabara ce mai kyau, kuma ba na shakkar cewa waɗanda suka ƙirƙiro ta ceton rai suka nufa. A 1975 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa soson kujeru ya jure ƙaramin harshen wuta na daƙiƙa 12, masu yin kujeru kuwa suka ga hanya mafi araha ita ce su zuba PBDE mai buromin biyar a cikin soson. Deka kuma ya tafi jikin baƙar robar bayan talabijin da kwamfuta, inda yakan kai kashi 10 cikin 100 na nauyin robar ko fiye.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ba a ɗaure sinadarin da robar ba, cakuɗa su kawai aka yi, kamar sukari a cikin gari. Yau da gobe yana fita, ya bi ƙurar ɗaki, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Ruwa ba ya narkar da shi, kitse ne ke jawo shi. A Suwidin akwai samfuran nonon uwa da ake adanawa tun 1972. Da aka gwada su har zuwa na 1997, sai aka ga yawan PBDE yana ninkawa duk bayan kimanin shekara biyar. Wannan sakamako ya girgiza Turai. A 2004 Tarayyar Turai ta haramta mai biyar da mai takwas, a 2009 kuma aka sa su cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta hana a duniya. Deka dai aka bar shi. Hujjar masu yin sa ita ce ƙwayarsa ta yi girma da nauyi, kusan ninki biyu na BDE-47, ba ta shiga jiki da sauƙi, kuma idan ta faɗa laka can za ta kwanta ba ta motsi.

Laka kuwa ba wurin kwanciya ba ce.

Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san abin da nake nufi. Muna yara mukan soka kara a gefen na bayan unguwarmu idan ruwa ya fara ja da baya. Saman lakar ja-ja ne, amma ɗan yatsa ɗaya a ƙasa sai ta koma baƙa ƙirin, kumfa ya riƙa tasowa bul-bul, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hanci, mu watse muna toshe fuska. Na daɗe da girma kafin na san cewa wannan wari da wannan kumfa numfashin wasu halittu ne. Iskar oksijin ba ta ratsa laka sai ɗan kaɗan daga sama. Ƙasa da nan wata duniya ce ta bakteriya da 'yan uwansu waɗanda ba su da buƙatar iskar da muke shaƙa, wasunsu ma kashe su take yi.

Numfashi a wurin masanin sinadarai ba shigar iska da fitarta ba ne kawai. Ka dubi masu aikin gini sun yi layi suna miƙa tubali hannu da hannu. Muddin na ƙarshe yana da inda zai ajiye, layi na tafiya. Ranar da ya rasa wurin ajiyewa, kowa ya tsaya cak da tubali a hannu. Jikin mai rai haka yake: yana zare wasu ƙananan abubuwa da ake kira elektiron daga abinci, yana miƙa su daki-daki, a kowane miƙi yana samun ƙarfi, a ƙarshe kuma dole a sami mai karɓa. A jikinmu oksijin ne mai karɓa. A cikin baƙar laka wasu suna sauke kayansu a kan gishirin sulfa, su ne masu warin ƙwai. Wasu suna saukewa a kan iskar kabon, su ne masu kumfar iskar gas. Masu rini sun daɗe suna cin moriyar irin wannan aiki. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, idan aka zuba baba da toka a rami aka bar su kwanaki suka tsimu, bakteriya ne ke ɗora wa shuɗin elektiron har ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi.

To akwai waɗanda wurin saukewarsu shi ne mahaɗar kabon da kulorin, ko kabon da buromin. Suna ɗora elektiron biyu a wurin, buromin ya ɓalle ya shiga ruwa a matsayin gishiri marar cutarwa, haidirojin ya maye gurbinsa. Da wannan suke rayuwa. Jaridu kan rubuta cewa an gano bakteriya masu cin guba, amma kalmar ci ba ta dace ba, kuma kuskuren yana ɓatar da tunani. Wanda ya ci abu ya gama da shi. Waɗannan kuwa numfashi suke yi da shi: sun cire zarra ɗaya, sun bar sauran ƙwayar a nan, ta zama wani sinadari daban mai wata lamba da wani hali.

An fara ganin alamar hakan a Kogin Hudson na jihar New York, inda masana'antun kayan lantarki suka shafe shekaru suna zubar da PCB, ɗan uwan PBB mai kulorin a maimakon buromin. A 1987 masana suka ba da rahoton cewa abin da ke cikin lakar bai yi daidai da abin da aka zubar ba: masu kulorin da yawa sun ragu, masu kaɗan sun ƙaru. Shekara guda bayan haka, masana a Jami'ar Jihar Mishigan suka nuna a cikin kwalba cewa aikin masu rai ne, domin lakar da aka dafa aka kashe halittunta ba ta canza komai ba. Sai a 1997 aka ware ɗaya daga cikin gwanayen wannan sana'a shi kaɗai, a ɗakin gwajin Stephen Zinder na Jami'ar Cornell, daga tabon matatar ruwan ƙazanta. Sunansa a yau Dehalococcoides mccartyi, don girmama Perry McCarty na Jami'ar Stanford.

Halitta ce mai ban al'ajabi, kuma na yarda ina da rauni a kanta. Surarta kamar faifai, faɗinta kusan rabin maikiron, wato sai ka jera dubu biyu kafin su cike milimita ɗaya. Ba ta cin sukari. Abincinta haidirojin ne kaɗai, numfashinta kuma sinadarai masu kulorin ko buromin kaɗai, ba ta san wata hanya ba. Kundin gadonta yana cikin mafi ƙanƙanta a bakteriyar da ke rayuwa da kansu, amma a cikinsa ta ware wuri ga enzayim 17 na ɓalle irin waɗannan zarra, wata 'yar uwarta da aka samo a Jamus tana da 32, kamar maƙeri da ya sayar da komai na gidansa ya bar awartaki iri-iri. A tsakiyar kowane enzayim akwai sinadari dangin bitamin B12 mai ɗauke da zarrar ƙarfen kobal, ita ce ke taɓa buromin ta fizge shi. Ga shi kuma ba ta iya haɗa bitamin ɗin daga tushe, sai maƙwabta sun yi ta samu. Haidirojin ma wasu ne ke fitar mata da shi yayin da suke ruɓar da ganye da tarkace. Saboda haka ba ta aiki sai cikin jama'a, kuma a hankali take: bakteriyar hanjinmu kan ninka cikin minti 20 idan ta sami daɗi, ita kuwa sai ta kwashe kusan kwana guda ko fiye.

A kan sinadaran wanke ƙarfe da wankin kaya masu kulorin, wannan halitta ta yi abin a yaba. Tana cire kulorin ɗaya bayan ɗaya har ta bar iskar da ba ta da illa, kuma a yau ana kiwonta a tankuna ana ɗura ta cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya gurɓata a wurare da dama. Don haka da Jianzhong He da Kristin Robrock da Lisa Alvarez-Cohen na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gwada ta a kan PBDE, akwai dalilin sa rai. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya zo da daɗi da ɗaci a haɗe. Wata bakteriya mai suna Sulfurospirillum multivorans ta taɓa deka, wanda aka ce ba ya motsi, ta mai da shi mai takwas da mai bakwai. Dehalococcoides kuma ta ɗauki mai takwas ta yi ta ragewa, kuma cikin abubuwan da suka fito har da BDE-99 da BDE-47. Waɗannan su ne ainihin waɗanda aka haramta shekara biyu kafin nan, waɗanda aka tarar a nonon matan Suwidin. Sun fi deka sauƙin tashi a iska, sun fi shi shiga jikin kifi su taru a kitse, sun fi shi guba. An gudu ba a tsira ba.

Wannan ne abin da nake so mai karatu ya riƙe idan ya ji an ce wani sinadari ya ragu a ƙasa ko a ruwa. Na'urar gwaji tana ganin abin da aka ce ta nema ne kawai. Idan deka aka nema, aka ga ya ragu da rabi, za a iya rubuta rahoto mai daɗin ji alhali rabin nan ya koma abin da ya fi shi sharri. Mai binciken kirki yana ƙirga uwa da 'ya'ya, yana kuma auna gishirin buromin da ya fita, ya ga ko lissafi ya cika.

Sannan ga jinkiri. Masana a Suwizalan sun sa deka a tabon matatar ruwan ƙazanta marar iska, bayan kwana 238 kashi 30 cikin 100 ne kawai ya canza, suka kuma ƙiyasta cewa rabinsa zai ɗauki kusan kwana 700. A lakar kogi ta gaske, mai sanyi da ƙarancin abinci, lissafin ya haura shekara goma. Dalili kuwa, ƙwayar tana manne wa baƙin tarkacen laka ƙam, bakteriya kuma ba ta kai wa ga abin da bai narke a ruwa ba. Ma'ana, deka da ke kwance a ƙasan koguna rumbu ne da zai yi ta tsiyayar da ƙananan danginsa shekara da shekaru. Wannan hujja na cikin waɗanda suka karya kariyar da ake ba shi, aka sa shi a jerin Yarjejeniyar Stockholm a 2017.

Ba a nan labarin ya tsaya ba. Jianzhong He ta koma Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta ci gaba da tono laka, a 2011 kuma ɗakin gwajinta ya ba da rahoton wata gamayya ta Dehalococcoides da Desulfovibrio da ta ɗauki BDE-47 da BDE-99 ta tuɓe musu buromin kaf cikin makonni. Abin da ya saura zobba biyu ne tsirara da gadarsu, sinadarin da masu yin sabulu ke amfani da shi don ƙamshi, kuma bakteriyar da ke shaƙar iska sun san yadda za su cinye shi. Ashe akwai masu kai aikin ƙarshe. Sai dai ba a kowace laka suke ba.

A saman ƙasa, inda iska take, sana'ar daban ce. Bakteriyar nan ci suke yi da gaske. Suna da enzayim da ke cusa zarrar oksijin biyu a gefen zobe, zoben ya yi rauni ya fashe, su cinye kabon ɗin. An san biyu daga cikinsu sosai: LB400 da aka samo a wani juji mai PCB a jihar New York, da RHA1 daga wata ƙasa da maganin ƙwari ya gurɓata a Japan. Amma enzayim ɗin yana buƙatar gurbi a buɗe. Ƙwayar da ke da buromin ɗaya zuwa uku abinci ce mai sauƙi, mai biyar da ƙyar, deka kuwa ya toshe kowace ƙofa. Ka ga aikin ya rabu biyu ke nan: na ƙasan laka su ne masu iya fara tuɓe mai nauyi amma sukan tsaya a hanya, na sama su ne masu gamawa amma ba sa iya farawa.

Su ma na saman sukan bar aiki rabi. Wani lokaci oksijin ya shiga amma zoben bai fashe ba, sai a sami PBDE mai ɗan reshen oksijin da haidirojin a gefe. Wanda ya san surar sinadarin da ƙullin maƙogwaronmu ke fitarwa, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, zai gane haɗarin nan take: shi ma zobba biyu ne da gadar oksijin, da irin wannan reshe, sai dai aidin ne a gefensa ba buromin ba. Kamar ta yi yawa har furotin ɗin da ke dakon sinadarin a cikin jini yakan ɗauki baƙon a maimakon ɗan gida. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi kuwa da wannan sinadari take ginuwa.

Misalin da ya fi nuna yadda ɓangarorin biyu ke miƙa wa juna aiki ya fito ne daga hamadar Negev ta Isra'ila. Ruwan Tekun Gishiri da ke kusa na cikin wuraren da suka fi arzikin buromin a duniya, shi ya sa aka kafa masana'antunsa a yankin. Cikin abin da suke yi akwai TBBPA, wanda ya fi kowane sinadarin hana wuta mai buromin yawa a kasuwa, yana cikin koren allon da ke cikin waya da rediyo. A shekarar 2000, Zeev Ronen da Aharon Abeliovich na Jami'ar Ben-Gurion suka ɗebo laka daga wani rafi da ke bin yankin masana'antu na Ramat Hovav. Da suka rufe ta ba iska, buromin huɗun da ke jikin TBBPA suka fita ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne BPA, sinadarin da ke kwaikwayon sinadarin mata a jiki, wanda Tarayyar Turai ta hana sawa a kwalbar shayar da jarirai a 2011. A cikin rufaffiyar kwalbar BPA ya zauna watanni ba abin da ya taɓa shi. Sai da suka kawo wata bakteriya mai shaƙar iska daga ƙasar wurin sannan ta cinye shi. Akwai kuma hanya ta uku da masana a Jami'ar Rutgers suka nuna a 2008: wasu bakteriyar ƙasa ba sa cire wa TBBPA komai, ƙara masa ɗan reshen kabon suke yi, sai ya ƙara ƙin ruwa ya ƙara son kitse.

A ina waɗannan halittu suka koyi aiki da abin da bai fi shekara sittin ko saba'in da fitowa daga masana'anta ba? Amsar tana teku. Ruwan teku cike yake da gishirin buromin, kuma masu rai sun daɗe suna ƙera sinadarai da shi, an ƙirga irinsu masu kulorin ko buromin ko aidin fiye da 5,000. A 2005 Emma Teuten da Christopher Reddy na cibiyar Woods Hole suka tace wasu 'yan uwan PBDE daga kitsen wata dabbar wel, suka auna irin kabon da ke cikinsu. Abin da aka yi da man fetur ba ya ɗauke da kabon mai lamba 14, domin ya daɗe da ƙarewa a ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan kuwa suna ɗauke da shi, ashe ba daga masana'anta suke ba. A 2017 masana na cibiyar Scripps suka gano masu yin irinsu a cikin soson teku da aka ɗebo a tsibirin Guam: wata bakteriya ce da ke zaune a jikin soson, kuma abin da take ƙerawa kan haura kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshen soson. Inda akwai masu ɗaurawa tun fil azal, akwai masu kwancewa. Mu dai mun kawo musu kaya ne da suka fi na da nauyi da yawa, muka jibge a wuraren da ba su saba ba.

Da aka kori PBDE daga kasuwa, masana'antu sun koma kan sinadarai masu fosfaras, wasunsu da kulorin a jiki. A Jami'ar Fasaha ta Nagaoka da ke Japan an ware bakteriya biyu, TCM1 da TDK1, masu fasa su don su sami fosfaras ɗin. Suna ɗaukar abin da suke so su zubar da rassan, rassan kuwa guba ne, sai da aka haɗa su da wasu bakteriyar kafin aikin ya kammala.

Mu a nan ba mu ƙera waɗannan sinadarai ba, amma tsofaffin kayan da ke ɗauke da su a wurinmu suke ƙarewa. Talabijin mai ƙaton baya da aka yi kafin a hana deka, kwamfutar da ta gama aiki a Turai, suna sauka Legas su bi kasuwar Alaba su bazu, idan sun mutu kuma su faɗa hannun 'yan gwangwan. Na tsaya na kalli wani saurayi yana fasa irin wannan talabijin da guduma a bakin wani kwalbati. Ya zare jan ƙarfe ya sa a buhu, ya ware allon, baƙar robar kuma ya tura ta gefe da ƙafa, inda tarin 'yan uwanta ke jiran ashana ko ruwan sama. Neman halak yake yi, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da ke cikin robar. Idan ta bi ruwa, laka za ta karɓe ta, aikin da muka bayyana ya fara a hankali. Idan aka ƙona ta a fili, abin ya fi muni nesa ba kusa ba, domin wutar juji ba ta da zafin da zai rusa ƙwayar, sai dai ta naɗe zobban su koma wata muguwar guba, dayoksin mai buromin, cikin daƙiƙoƙi. A Agbogbloshie ta birnin Akra, inda yawancin masu wannan aiki 'yan arewacin Gana ne kafin a rushe wurin a 2021, an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a filin, rahoton da ya fito a 2019 ya nuna an sami irin wannan dayoksin da yawan da ba a taɓa gani a ƙwai ba. Ware robar da hana ƙona ta abu ne da hukuma da shugabannin 'yan gwangwan za su iya zama su tsara, kuma ya fi jiran bakteriya sauƙi da sauri.

A Mishigan ma an gwada jiran. Kamfanin da ya yi FireMaster yana bakin Kogin Pine ne, kuma lakar kogin ta sha PBB da maganin ƙwarin DDT da sauran abin da masana'antar ta zubar. A farkon shekarun 1990, masanan Jami'ar Jihar Mishigan, waɗanda suka yi aikin Hudson, suka ɗebo halittun wannan laka suka sa su a kwalba tare da FireMaster. Cikin watanni suka ga ana cire buromin. Da suka koma suka auna lakar kogin kanta, canjin da suka tarar kaɗan ne, bayan kusan shekara ashirin. Sun danganta hakan da tarin man fetur da ƙarafa masu guba da ke cakuɗe a wurin, waɗanda ke hana halittun sakewa. An rufe masana'antar a 1978, aka rushe ta aka binne a inda take, aka lulluɓe da yumɓu. Daga baya hukumar kare muhalli ta Amurka ta kawo injuna ta shafe shekaru tana kwashe lakar kogin ana lodawa a manyan motoci. Gargaɗin da aka yi a 1974 cewa kada a ci kifin Kogin Pine ya haura shekara arba'in yana aiki.